Zabura 72:20: in addu'o'in Dawuda sun ƙare, me ya kawo sunansa a Zabura 86?

Almajirin Kalma:

Salama gare ku 'yan'uwa. Zabura 72 tana rufewa da wata gajeriyar aya, ta 20, mai cewa ƙarshen addu'o'in Dawuda ɗan Yesse ke nan. Abu uku suke ɗaure mini kai a kanta. Na ɗaya, kan wannan zabura yana ɗauke da sunan Sulemanu ne, ba na Dawuda ba. Na biyu, in ka ci gaba da karatu ba za ka yi nisa ba sai ka tarar da Zabura 86, an rubuta a kanta addu'ar Dawuda, sannan ga 101, ga 103, har zuwa 145. Na uku, kafin a iso 72 ɗin ma akwai zaburoyin 'ya'yan Kora da ta Asaf, waɗanda ba na Dawuda ba ne. To, wane abu ne ya ƙare a nan? Kuma wa yake magana a ayar, Dawuda ne da kansa ko wani dabam?

Malam Mai Alƙalami:

Ɗan'uwa, tambayarka ta riga ta kawo rabin amsa, domin ka lura da inda ayar take zaune. Aya ta 20 ba ta cikin waƙar. Rubutun magatakarda ne, irin alamar da mai kwafa yake yi a gindin takarda in ya kai ƙarshen abin da yake kwafa, kamar dai "tammat" da muka sani. Ba Dawuda yake cewa ya daina addu'a ba. Wani ne da ya tattara waƙoƙi a naɗaɗɗen littafi yake cewa tarin da ke hannunsa ya tsaya a nan.

Ka ɗauki Zabura 72 ka tsaga ta gida uku. Aya 1 zuwa 17 ita ce addu'ar da aka yi wa sarki. Aya 18 da 19 yabo ne mai ƙarewa da "Amin, Amin", kuma ba na wannan zabura kaɗai ba ne, shi ne murfin Littafi na Biyu gaba ɗaya. Zabura 150 ɗin da muke da su an raba su littafi biyar: 1 zuwa 41, 42 zuwa 72, 73 zuwa 89, 90 zuwa 106, sai 107 zuwa 150. Je ka duba 41:13 da 89:52 da 106:48, za ka ga irin wannan yabo yana tsaye a bakin kowace iyaka. Aya ta 20 kuwa ta zo ne bayan an riga an ce Amin. Wanda ya ce Amin sau biyu ya gama waƙa, abin da ya biyo baya kuma na mai riƙe da alƙalami ne. A duk littafin babu wata iyaka da take da irin wannan ƙarin sai wannan kaɗai.

Yanzu mu yi lissafi, don lissafin ne yake warware zancen. A nassin Ibrananci zaburoyi 73 ne suke ɗauke da sunan Dawuda a kansu. Littafi na Ɗaya yana da 37, wato daga 3 zuwa 41 in ka cire 10 da 33 da ba su da suna. Littafi na Biyu yana da 18, wato 51 zuwa 65, da 68 zuwa 70. Ka ga 55 ke nan kafin ayarmu. Sauran 18 suna bayanta: 86, 101, 103, 108 zuwa 110, 122, 124, 131, 133, da 138 zuwa 145. Abin lura shi ne, daga 73 zuwa 100 sau ɗaya tak sunan Dawuda ya fito a kan zabura, a 86. Da aka ce addu'o'insa sun ƙare, sai ga Asaf ya karɓi fage da zaburoyi goma sha ɗaya a jere, 73 zuwa 83. Ashe maganar ba ta faɗi a banza ba, a wurin da take da gaske an sauya murya.

Littafin Zabura ba a zama ɗaya aka rubuta shi ba. Ƙananan tari ne aka yi ta haɗawa cikin ɗaruruwan shekaru, tun daga zamanin Dawuda, wajen shekara 1000 kafin haihuwar Almasihu, har bayan bautar talala, tunda Zabura 137 a bakin kogunan Babila take zaune tana kuka. Shaidar haka tana cikin littafin kansa. Ɗora Zabura 14 kusa da 53, kusan kalma da kalma ɗaya suke, sai dai inda 14:2 ta ce Yahweh (wanda ake fassarawa Ubangiji) ya duba daga sama, 53:2 ta ce Elohim (wato Allah). Zabura 70 kuma ita ce 40:13-17 aka sake kawowa. Mutum ɗaya mai tsara littafi ɗaya ba zai saka waƙa ɗaya sau biyu haka kawai ba. Tari biyu ne dabam, kowanne da kwafinsa, aka zo daga baya aka ɗinke su. Daga 42 zuwa 83 ma sunan Elohim ne ya rinjayi Yahweh nesa ba kusa ba, alhali a sauran littafin akasin haka ne, abin da ke nuna wannan yanki ya taɓa zama littafi mai cin gashin kansa.

Saboda haka amsar tambayarka ta uku tana iya zama ɗaya cikin biyu. Ko dai ayar ta rufe ƙaramin tarin Dawuda na 51 zuwa 72, kafin a saka na Kora da na Asaf a gabansa, ko kuwa ta rufe babban tari na 3 zuwa 72, aka kira shi da sunan wanda ya fi yawan waƙoƙi a ciki. Ni dai na fi karkata ga ta farko, domin 51 zuwa 72 yana tafiya kamar abu guda: ya buɗe da tuban Dawuda bayan zancen Batsheba, ya bi ta kwanakin gudunsa daga Saul, ya iso ga tsoho mai furfura a 71, ya rufe da ɗan da zai gaje shi. Amma mai riƙe da ta biyu ba za a ce ya kauce ba.

Waɗanda suka ƙara sauran littattafan ba su goge tsohuwar alamar ba, kuma ba baƙon abu ba ne. Ayuba 31:40 ta ce maganar Ayuba ta ƙare, amma ga shi yana magana a 40:3-5 da 42:1-6. Abin da ya ƙare shi ne gardamarsa da abokansa. Irmiya 51:64 ta ce iyakar maganar Irmiya ke nan, sai ga sura ta 52 ta biyo. Karin Magana 25:1 ma ta fito fili ta ce mutanen Hezekiya ne suka kwafi wannan sashe. Magatakardan suna barin sawunsu, na bayansu kuma ba sa share shi.

Ɗalibar Ibrananci:

Malam ya share hanya. Bari in ƙara a kan kalmomin, don akwai abin da fassara take ɓoyewa.

A Ibrananci ayar 'yar ƙarama ce: kollu tefillot Dawid ben Yishai. Kalmar farko, kollu, daga tushen kalah take, kuma a sigar da ake nuna an yi wa abu aiki, wato "an gama su", "an kammala su". Tushen nan da sigar nan su ne a Farawa 2:1, inda aka ce an gama sama da ƙasa da dukan rundunarsu. Ba ƙarewa irin ta ruwa a randa ake nufi ba, kammaluwar aiki ce. Kuma da yake ba a ce "na gama" ba, an kuma ambaci Dawuda da sunan mahaifinsa kamar wanda ake ba da labarinsa, nahawun kansa yana goyon bayan cewa wani ne yake rubutu.

Kalma ta biyu ita ce ta fi jan hankalina. Sunan littafin gaba ɗaya a wurin Yahudawa Tehillim ne, wato yabe-yabe. A nan kuwa an ce tefillot, addu'o'i. Harafi ɗaya ne ya raba tefillot da tehillot. Tsohuwar fassarar Helenanci da ake kira Saftuwajinta ta sa "waƙoƙin yabo" a wannan wuri, fassarar Latin da ta bi sawunta ita ma ta sa yabo. Ko mai fassarar ya ga tehillot ne a takardarsa, ko kuwa ya fassara ma'ana ne, kowanne zai yiwu. Amma tefillot ta fi dacewa da abin da ke gabanta, domin galibin zaburoyin littafi na ɗaya da na biyu kuka ne da roƙo, yabo zalla kuwa sai can ƙarshen littafin yake yawaita. Zaburoyi biyar ne kawai aka rubuta musu "addu'a" a ka: 17, 86, 90, 102 da 142. Kada wannan ya sa a ɗauka su kaɗai ake nufi. Kalmar tana da faɗi. A 1 Sama'ila 2:1 an ce Hannatu ta yi addu'a, amma abin da ya fito daga bakinta waƙar godiya ce daga farko har ƙarshe.

Wani abu kuma, duk littafin Zabura a nan ne kaɗai aka ambaci Yesse. A bakin magabta "ɗan Yesse" raini ne, haka Saul yake kiransa in ransa ya ɓaci, haka Nabal ya kira shi. Amma a 2 Sama'ila 23:1, inda aka kawo kalmomin Dawuda na ƙarshe, an kira shi Dawuda ɗan Yesse da girmamawa, cikakken suna irin na rufe littafi. Da wuya a ce kamar da ke tsakanin wuraren biyu tsautsayi ce.

Malaman Yahudawa na dā ma ayar ta dame su kamar yadda ta dame ka, ɗan'uwa. A Talmud, babban littafin koyarwarsu, sashen Fesahim shafi na 117, Rabbi Meyir ya ce kada a karanta kollu, a karanta kol ellu, wato "duk waɗannan" addu'o'in Dawuda ne. Wasa da haruffa ne irin na masu wa'azi, ya juya ayar daga rufewa zuwa rungumar littafin duka. Yana da daɗin ji, amma ba shi ne abin da aka rubuta ba, kuma ba a gina fassara a kansa.

Ga mai son bin diddigi: a Saftuwajinta lambar wannan zabura 71 ce, ba 72 ba, saboda ta haɗa 9 da 10 wuri ɗaya. Mutane da yawa sukan buɗe 72 a can su tarar da zaburar Asaf su rikice.

Almajirin Kalma:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode 'yar'uwa. Na gane zancen magatakarda. Saura tambayata ta farko: in tarin na Dawuda ne, don me aka rufe shi da zabura mai sunan Sulemanu? Wa ya yi ta a cikinsu?

Dattijo Mai Wa'azi:

Ɗana, harafi ɗaya ne ya jawo wannan duka. A kan zaburar an rubuta li-Shelomo. Wannan "li" ko "le" yana iya nufin "na wane", yana iya nufin "domin wane", yana iya nufin "a kan wane". Shi ne a le-Dawid da muke fassarawa "ta Dawuda", shi ne kuma a kan zaburoyi 55 da aka ce domin shugaban mawaƙa, shi ne a kan 92 da aka ce domin ranar Asabar. Asabar dai ba ta rubuta waƙa ba. Zabura biyu ne kawai suke da sunan Sulemanu, wannan da 127. Masu fassarar Helenanci sun ɗauki ta 72 a ma'anar "domin Sulemanu", kuma ina ganin aya ta 20 ce ta sa su haka.

A nan zan ɗan saɓa wa Malam Mai Alƙalami, ba a kan gaskiyar abin da ya faɗa ba, a kan inda ya tsaya. Na yarda alamar magatakarda ce. Amma magatakardan ba ya barci sa'ad da ya zaɓi waƙar da zai rufe da ita. Karanta 71 da 72 a jere ba tare da ka numfasa ba. A 71:9 ga tsoho yana roƙo kada a yashe shi a kwanakin tsufa. A 71:18 yana cewa ko da ya yi furfura kada Allah ya rabu da shi, sai ya shaida ikonsa ga tsara mai zuwa. Juya shafi, 72:1, sai ga tsara mai zuwan: a ba sarki shari'arka, a ba ɗan sarki adalcinka. Sarki wanda kuma ɗan sarki ne, a gidan Dawuda Sulemanu ne na farko da ya amsa wannan suna, tunda Dawuda ɗan makiyayi ne. Ka tuna 1 Sarakuna 1, Adonija ya yi yanka yana neman gadon sarauta, aka ɗora Sulemanu a kan alfadarin sarki aka kai shi Gihon, Zadok ya zuba masa mai, Dawuda kuwa daga kan gadonsa ya sunkuya ya yi sujada. A 1 Tarihi 29:19 ma ga shi yana roƙa wa ɗansa zuciya ɗaya. Wanda ya tsara tarin yana so mu ji 72 a matsayin addu'ar uba ga magaji, shi ya sa manyan masu sharhi na Yahudawa suka ce ita ce ta ƙarshe da Dawuda ya yi a rayuwarsa, ko da ba ita ce ta ƙarshe a jeri ba. Kalbin, malamin tauhidin Kirista na ƙarni na 16, shi kuwa ya raba gardama da cewa addu'ar ta Dawuda ce, Sulemanu ne ya mai da ita waƙa.

Kada jerin lambobi ya ruɗe ka, ba a tsara zaburoyi bisa kwanan wata ba. Ta 3 a kan gudunsa daga Absalom take, lokacin ya manyanta. Ta 59 a kan daren da Saul ya aika a tsare gidansa take, yana saurayi. Ta 142 kuwa yana cikin kogo, bai hau mulki ba tukuna. Don haka ganin sunansa a 86 ba ya nufin ya yi ta bayan 72.

Sai dai abin da aka roƙa a 72 ya fi ƙarfin Sulemanu. Gaskiya ne sarauniyar Sheba ta kawo masa zinariya talanti 120, kamar amsar aya 10 da 15. Amma an roƙa wa sarkin nan mulki daga teku zuwa teku, kalmomin da Zakariya 9:10 ya ɗauka ya ba sarki mai zuwa a kan jaki. An roƙa ya ceci matalauci, jininsu ya zama da daraja a idonsa, alhali da Sulemanu ya rasu abin da jama'a suka fara faɗa wa Rehobowam shi ne mahaifinka ya nawaita mana karkiya. Aya 17 kuma ta koma ga alkawarin Ibrahim, cewa al'ummai za su sami albarka ta wurinsa. Shi ya sa Yahudawa da Kirista tun dā suke karanta ta a kan Almasihu. Masu wa'azi da dama sukan ce da Dawuda ya roƙa ɗaukakar Allah ta cika duniya duka a aya 19, ba abin da ya rage masa ya roƙa, shi ya sa addu'o'insa suka ƙare. Tunani ne mai gina zuciya, ina kuwa son sa.

Malam Mai Alƙalami:

Baba, ranka ya daɗe, ban ƙi ko ɗaya ba sai wannan na ƙarshe, shi ma ba ƙinsa na yi ba, iyaka nake so a sa masa. Aya 19 da wa'azin ya dogara a kanta tana cikin yabon rufe littafi ne, ba lalle daga bakin mai addu'ar ta fito ba. A faɗe shi a matsayin darasi, kada a ce shi ne ma'anar ayar. Inda abin yake lalacewa shi ne sa'ad da mai koyarwa ya ce Dawuda bai ƙara yin addu'a ba daga nan. Yaro ɗaya mai lura ya buɗe 86 ya rushe darasin duka, ya kuma tafi da zaton Littafin yana saɓa wa kansa, alhali mai koyarwa ne ya ɗora wa ayar kayan da ba nata ba.

Zancenka na cewa magatakardan da gangan ya zaɓi wurin kuwa, masana sun tsaya a kansa sosai. Gerald Wilson a 1985 ya nuna cewa zaburoyin sarauta suna zaune ne a mahaɗar littattafan farko: 2 a bakin ƙofa, inda aka naɗa sarki a Sihiyona, 72 inda sarauta ta wuce hannun ɗa, sai 89 inda aka jefar da rawani a ƙasa, mawaƙin yana tambayar ina ƙaunar nan ta dā da aka rantse wa Dawuda. Daga nan Littafi na Huɗu ya buɗe da addu'ar Musa, mutumin da ya riga sarakuna duka, sannan 93 da 97 da 99 suka shiga cewa Ubangiji ne yake mulki. Mai karatu bayan faɗuwar Urushalima a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, in ya iso ga "addu'o'in Dawuda sun ƙare" ya kuma ga 74 da 79 suna kukan Haikali da aka ƙone aka ƙazantar, ai zai ji ayar da wani nauyi dabam.

Akwai shaida daga waje ma cewa tsarin farkon littafin ya riga na ƙarshensa tabbata. Babban naɗin Zabura da aka samo a kogo na 11 na Kumran, kusa da Tekun Gishiri, a 1956 yana ɗauke da zaburoyi daga littafi na huɗu da na biyar, amma a wani jeri dabam da namu, da wasu waƙoƙi da ba su cikin 150 ɗin. A cikinsa akwai wani ɗan bayani da ya ce Dawuda ya yi zaburoyi 3,600, jimillar waƙoƙinsa duka 4,050. Ko ba a ɗauki lambar a matsayin ƙidaya ba, tana nuna mutanen wancan zamani ba su taɓa zaton abin da ke cikin tari ɗaya shi ne iyakar abin da Dawuda ya bari ba. Wasu na Littafi na Biyar ma tsofaffin kaya ne aka sake ɗinkawa: 108 ba komai ba ce illa 57:7-11 da 60:5-12 a haɗe. In za ka gwada da nassin Ibrananci ka kula, shi yana ƙirga kan zabura a matsayin aya, don haka lambobin sukan gota da ɗaya, a 60 ma da biyu.

Ɗalibar Ibrananci:

Ƙarin abu ɗaya ga wanda zai karanta 72 a gaban jama'a. Fassarori sun rabu a kan ko a ce "zai yi mulki" ko "bari ya yi mulki". Ibrananci a wurare da dama yana ɗaukar duka biyun, amma a aya 8 da 15 da 16 da 17 akwai gajeriyar sigar aikatau da ake yin fata da roƙo da ita. Tunda aya ta 20 ta kira abin addu'a, "bari ya" ta fi zama daidai, a kuma riƙe ta tun daga aya 2, kada a yi ta tsalle tsakanin roƙo da annabci.

Wajen karatun, a ɗan dakata bayan aya 17, a bar jama'a su amsa Amin ɗin aya 19 tare, kamar yadda 106:48 ta umarci dukan jama'a su ce Amin. Aya ta 20 kuwa ba a rera ta. In za a karanta, a sauke murya a faɗe ta kamar sanarwa, yadda ake faɗin kan zabura kafin a fara.